Sabar imel ta kanka: me ke jefa wasiƙu kwandon sifam, kuma ta ina ake gyara?

Ɗan Kubwa:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ga wata tambaya da take yawan dawowa, ina roƙon manya su warware mana ita sosai. Mutum ya yi rajistar domen ɗinsa na .ng, ya ɗora Postfix mai aikawa da karɓar wasiƙu, da Dovecot mai ba da damar karanta su, wasiƙu suna shigowa lafiya lau. Amma in ya aika, ko dai ta faɗa kwandon sifam, ko kuma ta dawo masa da lambar ƙin karɓa. Ta ina ake fara bincike? Sannan zai yiwu a ajiye sabar a ofis, a ce a Wuse ko Utako, a kan layin intanet na ofishin, ko dole sai an yi hayar VPS, wato sabar da ke wurin wani kamfani?

Injiniyan Wuse:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, tambayarka ta biyu ita ce gaba da ta farko, don haka da ita zan fara. Kafin sabar mai karɓa ta karanta ko da harafi ɗaya na wasiƙarka, ta riga ta ga adireshin IP ɗin da ya ƙwanƙwasa mata ƙofa, kuma a nan ake yanke babban ɓangaren hukuncin.

Shiga shafin rautar ofishin ka duba adireshin da ke ɓangaren WAN. In ya faɗo tsakanin 100.64.0.0 da 100.127.255.255, ko ya fara da 10, to kana bayan CGNAT ne, wato kai da jama'a da yawa kuke fita da adireshi guda. Yawancin layukan da ke aiki da katin SIM haka suke, haka ma tsarin Starlink na gida. A irin wannan layin ba wanda zai iya iso maka daga waje ta ƙofa ta 25, wadda sabobin imel ke miƙa wa juna wasiƙa ta cikinta, kuma adireshin da kake fita da shi ba naka ba ne. Magana ta ƙare tun a nan.

In layin faiba ne na kasuwanci, yi wa kamfanin tambaya uku kafin ka sayi komai. Za su ba ka IP na fili wanda ba ya canzawa? Ƙofa ta 25 a buɗe take shiga da fita? Za su rubuta maka PTR, wato rikod ɗin da ke nuna sunan da ke kan IP, da sunan da ka ba su? Ta ukun ita ce mutane ke mantawa. PTR ba a wurin wanda ya yi maka rajistar domen ake sa shi ba. NiRA da dillalanta suna kula da sunayen .ng ne kawai. Adiresoshin IP a Afirka AFRINIC ce ke raba wa kamfanoni, kuma wanda aka ba rukunin adiresoshin shi kaɗai ke iya rubuta PTR. In ma'aikacin da ya ɗauki wayarka bai san PTR ba, nemi a haɗa ka da sashen injiniyoyinsu. In su ma suka ce ba sa yi, kada ka wahalar da kanka, nemi VPS.

Ɗan Kubwa:
Na gode Injiniya. To batun wuta fa? In an ɗauke ta na awa shida, wasiƙun da aka aiko a lokacin sun ɓace ke nan?

Baban Garki:
A'a yaro, ba su ɓace ba. Ƙa'idar SMTP, wato RFC 5321, ta ce mai aikawa ya riƙa sake gwadawa har kwana huɗu zuwa biyar kafin ya haƙura. Postfix ma kwana 5 yake riƙe wasiƙa a layi in ba a taɓa saitinsa ba. Abin da za ka rasa shi ne lokaci, kuma lambar tabbatarwa da ke mutuwa cikin minti goma ba ta da amfani in ta iso da yamma. In dai a ofis za ka ajiye, ka tuna ba kwamfutar kaɗai ke buƙatar inbata ba, har da rauta da ƙaramin akwatin faibar.

Malamin Jabi:
VPS ɗin ma ba a rufe ido a saya. Google Cloud ba ya barin fita ta ƙofa ta 25 zuwa waje. AWS yana toshe ta tun farko sai ka cika fom ka nemi a buɗe. Hetzner yana rufe 25 da 465 ga sabon mai haya, sai ka yi wata guda ka biya kuɗin farko sannan ka nema. Da zarar an miƙa maka sabar, kafin ka ɗora komai, buga wannan:

nc -v gmail-smtp-in.l.google.com 25

In ka ga layin da ya fara da 220, ƙofa a buɗe take. In ya yi shiru har lokaci ya ƙare, a toshe take.

Na biyu, IP ɗin da aka ba ka gwanjo ne, wani ya riga ka amfani da shi. A ce 203.0.113.10 ne, sai ka juya lambobin ka tambayi Spamhaus, masu riƙe baƙin jerin adiresoshin sifam:

dig +short 10.113.0.203.zen.spamhaus.org

In babu amsa, yana da tsabta a wurinsu. 127.0.0.2 na nufin SBL, 127.0.0.3 CSS, duka biyun jerin masu aika sifam ne, 127.0.0.4 XBL ne, wato an ga alamar na'ura mai cuta a adireshin, 127.0.0.10 ko 11 kuma PBL, wato rukuni ne da bai kamata ya riƙa aika wasiƙa kai tsaye ba. In sabon IP ya zo maka da datti, ka mayar ka nemi wani. Ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan wanke laifin da ba kai ka yi ba.

Hajiyar Gwarimpa:
Malam, a ƙara masa da gargaɗi ɗaya a kan wannan gwajin. In ya yi tambayar ta 8.8.8.8 ko 1.1.1.1, Spamhaus ba ta amsa wa irin waɗannan manyan sabobin DNS na kowa da kowa masu amsa tambayar sunaye, kuma sau da yawa abin da zai dawo shi ne 127.255.255.254. Wannan ba ya nufin yana cikin baƙin jeri, yana nufin an ƙi amsa tambayar ne. Haɗarin shi ne sabar da aka saita da gaggawa tana iya ɗaukar wannan amsar a matsayin laifi, ta shiga korar duk wasiƙar da ta shigo. Maganin shi ne a ɗora manhajar DNS ta Unbound a kan sabar, ta riƙa yin tambayoyinta da kanta ta 127.0.0.1.

Yanzu ga sunaye. Abu uku ne dole su yi daidai da juna: sunan da sabar ke gaisuwa da shi a EHLO, rikod ɗin A mai nuna IP ɗin wannan sunan, da PTR na IP ɗin. A ce myhostname = mail.sunanka.ng. To mail.sunanka.ng ya nuna 203.0.113.10, shi kuma 203.0.113.10 ya dawo da mail.sunanka.ng. Gwada da dig -x 203.0.113.10. In PTR ɗin har yanzu irin sunan nan ne mai tarin lambobi da kamfani ya bari, ko kuma sabar tana gaisuwa da localhost, an gama da kai tun a zaure. Gmail yana mayar da mai matsalar PTR da lamba 5.7.25.

Akwai tarkon da ya fi kama waɗanda suka yi komai daidai: IPv6, wato sabon tsarin adireshin IP. Kamfanin VPS ya ba ka shi, Postfix ya gan shi, Gmail ma yana da shi, sai wasiƙar ta bi ta can, alhali PTR da SPF ɗin da ka yi duk na IPv4 ne. Shi ya sa za ka ga wata wasiƙar ta shiga, wata ta dawo, ka rasa dalili. Ko dai ka yi wa IPv6 ɗin AAAA, wato rikod ɗin A nasa, da PTR ka sa shi a SPF, ko ka rubuta inet_protocols = ipv4 ka sake tayar da Postfix. Ga ƙaramar saba, na biyun ba aibu ba ne.

Ɗan Kubwa:
Hajiya, a ɗan yi mana bayanin SPF da DKIM da DMARC yadda za a rubuta su, don kowa na ambatonsu amma kowa da irin nasa.

Hajiyar Gwarimpa:
To ɗana, ɗaya bayan ɗaya.

SPF rikod ne na TXT a kan domen ɗin kansa, yana faɗin waɗanda ka yarda su aika da sunanka:

v=spf1 ip4:203.0.113.10 -all

Kuskure biyu ne suka fi yawa. Na farko, a sami layin v=spf1 har biyu a domen guda, don kamfanin da ya yi maka shafin intanet ya sa nasa, kai ma ka ƙara naka. Biyu daidai yake da babu, sakamakon permerror ne. A haɗe su su zama layi ɗaya. Na biyu, ƙa'idar ta kayyade tambayoyin DNS 10 kacal. Kowane include da a da mx da redirect yana cin nasa, kuma include ɗin da ke cikin wani include shi ma ana ƙirga shi. Amma ip4 da ip6 ba sa cin komai, shi ya sa na fi son a rubuta lambar kai tsaye. Kada a taɓa rubuta +all, wannan buɗe wa duniya ƙofa ne.

DKIM sa hannu ne. Sabarka tana riƙe da makullin sirri, kai kuma ka wallafa na fili a DNS. Da Rspamd ko OpenDKIM, yi makullin RSA mai bit 2048. Ƙasa da 1024 ba a karɓa ma. Zaɓi sunan makulli, a ce s1, sai rikod ɗin ya zauna a s1._domainkey.sunanka.ng. Ga inda ake faɗuwa: makullin 2048 ya kusa harafi 400, alhali guntun rubutu guda a TXT ba ya wuce 255. Dole a raba shi gida biyu a cikin rikod ɗaya, kowane gida da alamar zance. Wasu shafukan DNS suna rabawa da kansu, wasu kuma su gutsure wutsiyar su yi shiru. Bayan ka ajiye, ka jawo shi da dig TXT ka gwada ƙarshensa da na fayil ɗinka harafi da harafi.

DMARC shi ke ɗaure biyun da sunan da mai karatu yake gani a layin From. A _dmarc.sunanka.ng:

v=DMARC1; p=none; rua=mailto:dmarc@sunanka.ng

Abin da mutane ba sa ganewa shi ne SPF ba From yake dubawa ba, Return-Path yake dubawa, wato adireshin jikin ambulan. DKIM kuma yana da nasa domen a d=. DMARC ba zai wuce ba sai aƙalla ɗaya daga cikin biyun ya wuce kuma domen ɗinsa ya dace da na From. Don haka za ka iya ganin spf=pass da dkim=pass amma dmarc=fail, in duk biyun da sunan wani kamfani suka wuce ba naka ba. Fara da p=none, wato kallo kawai ba hukunci, ka yi 'yan makonni kana karanta rahotannin da za su riƙa zuwa kullum, har ka gano duk abin da ke aikawa da sunanka: shafin intanet, manhajar lissafin kuɗi, na'urar sikana ta ofis. Sai ka koma quarantine, wato a jefa wadda ta faɗi kwandon sifam, daga baya reject, wato a ƙi karɓarta.

Don ganin gaskiya, aika wa wani akwatin Gmail naka, buɗe wasiƙar, danna ɗigo ukun nan ka zaɓi nuna asalin saƙo. Layin Authentication-Results zai gaya maka komai. Gani ya kori ji.

Malamin Jabi:
Duk abin da Hajiya ta faɗa daidai ne, amma kada Ɗan Kubwa ya tashi da tunanin in ya gama waɗannan ya tsira. Masu sifam ma suna da SPF da DKIM da DMARC, nasu ma ya fi na mutane da yawa tsari. Waɗannan katin shaida ne kawai, suna cewa wane ne kai, ba sa cewa kai mutumin kirki ne. Za ka sami 10 bisa 10 a shafin gwaji na mail-tester amma Outlook ya dawo maka da 550 5.7.1 da S3150, yana cewa wani ɓangare na hanyar kamfaninka na cikin jerin da suka toshe. Ba kai ka yi laifi ba, maƙwabtanka ne a rukunin IP. Zama da maɗaukin kanwa ke nan.

Shi ya sa ra'ayina: karɓi wasiƙunka a sabarka, ajiye su a sabarka, amma fitarwa ka ba ɗan aike mai suna, irin Amazon SES ko Postmark ko Mailgun. Layi ɗaya ne na relayhost ta ƙofa ta 587 da kalmar sirri a sasl_passwd. Mai ƙaramin kasuwanci a Abuja da ke jiran amsar takardar kwangila ba shi da lokacin zaman jiran a cire shi daga jeri.

Injiniyan Wuse:
Malam, a nan na saɓa maka kaɗan. Wanda ya kafa sabar kansa galibi dalilinsa kada wasiƙunsa su bi ta hannun wani ne. In duk abin da ya fita ta ɗan aike zai bi, rabin dalilin ya tafi. Kuma S3150 ba hukuncin har abada ba ne. Akwai fom ɗin masu aikawa na Outlook.com, a cika shi da IP da cikakken saƙon ƙin karɓar. Amsar farko sau da yawa ta na'ura ce mai cewa ba su ga matsala ba. A mayar da amsa a kan wannan wasiƙar cikin ladabi, a sake liƙa saƙon kuskuren, a ce sabon IP ne, an kuma yi PTR da SPF da DKIM, a nemi mutum ya duba. A yi rajista da SNDS don ganin yadda suke kallon IP ɗin, da JMRP don samun kwafin duk wasiƙar da wani ya kai ƙara.

A kuma bambance gida biyu na Microsoft. Outlook.com da Hotmail daban, kamfanonin da ke kan Microsoft 365 daban. Na biyun in sun toshe IP, lambar takan zama 5.7.606 ko makamanciyarta, kuma wurin neman cirewa shi ne sender.office.com.

Akwai kuma hanyar tsakiya. Da transport_maps za ka ce outlook.com da hotmail.com da live.com kaɗai su bi ta ɗan aike, sauran su fita kai tsaye.

Malamin Jabi:
Hanyar tsakiyar tana aiki, na yarda, amma ba ta kama kamfanin da ke amfani da domen ɗinsa a kan Microsoft 365, don sunansa ba ya cikin jerinka. Sai ka duba MX ɗinsa, wato rikod ɗin da ke nuna sabar da ke karɓa masa wasiƙa, ka ga ya ƙare da mail.protection.outlook.com sannan ka ƙara shi da hannu. Kuma duk wanda zai yi amfani da ɗan aike, ko gaba ɗaya ko rabi, dole ya sa rikod ɗin DKIM da suka ba shi a domen ɗinsa, in da hali ya saita Return-Path na kansa. In ba haka ba ya koma abin da Hajiya ta faɗa, komai pass amma DMARC fail.

Baban Garki:
Ku biyun duk kuna da gaskiya, abin da ya raba ku shi ne wa zai ɗauki asarar in wasiƙa ta makale. Mai aika wa 'yan uwa da abokan aiki zai iya haƙuri ya gina sunansa. Mai kasuwancin da wasiƙa ɗaya ke iya zama cinikin wata, shawarar Malam ta fi masa.

Ga wanda ya zaɓi kai tsaye, gina suna ba shi da wata dabara ta ɓoye. Sabon domen da sabon IP ba a san su ba, kuma wanda ba a sani ba ana zarginsa. A bar domen ya ɗan kwana biyu, a sa masa ko ƙaramin shafi ne. Makon farko a aika wasiƙu kaɗan a rana, goma ko ashirin, zuwa ga mutanen da suka san ka kuma za su amsa. In ta faɗa kwandon sifam, a kira su a waya su fito da ita su danna cewa ba sifam ba ce, su mayar da amsa. A ƙara yawa a hankali. Abin da ke kashe sabon IP shi ne shiru na wata guda, sannan rana ɗaya wasiƙa 800 su fita cikin minti biyar. In Gmail ya fara ba ka lambobin da suka fara da 4, kamar 421 4.7.28, cewa yake ka rage gudu. Kada ka riƙa tura layin da ƙarfi da postqueue -f, ƙara fusata shi kake yi. Sa smtp_destination_rate_delay na 'yan daƙiƙu ka bari ya huce.

Ka yi rajista da Postmaster Tools na Google, amma kada ka damu in ka gan shi fayau, ba ya nuna komai sai wasiƙunka sun kai wani yawa. Sannan akwatunan postmaster@ da abuse@ su kasance suna aiki kuma wani yana karanta su.

Game da baƙin jerin UCEPROTECT, matakinsu na 2 da na 3 rukuni guda ko kamfani sukutum suke sakawa, kuma suna karɓar kuɗi don cirewa da gaggawa. Kada ka biya. In saƙon ƙin karɓar da ke log ɗinka bai ambaci wani jeri da suna ba, jan launin da ka gani a shafin gwaji ba shi ne matsalarka ba. Log ɗin ne shaida: /var/log/mail.log, nemi status=bounced da status=deferred ka karanta abin da sabar can ta faɗa da bakinta.

'Yar Lugbe:
Baba, a ba ni dama in kawo ɓangaren da ke rushe sunan da aka sha wahalar ginawa, wato sabar ta zama mai aika sifam da gaske mai ita bai sani ba.

Hanya ta farko kalmar sirrin ma'aikaci ɗaya ce ta fita. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. Da tsakar dare wani zai shiga ta ƙofa ta 587 da sunansa ya zuba dubbai, duk da sa hannun DKIM ɗinka mai kyau. Kafin gari ya waye kana CSS. Rigakafin: fail2ban mai toshe masu yawan cankar kalmar sirri a kan Postfix da Dovecot, iyaka ga kowane akwati ta ratelimit na Rspamd ko postfwd, misali wasiƙa 100 a awa, da smtpd_sender_login_maps tare da reject_sender_login_mismatch don kada wanda ya shiga da akwati ɗaya ya aika da sunan wani. A kuma hana shiga da kalmar sirri ta ƙofa ta 25, a bar shi a 587 da 465 kawai bisa TLS, wato layi mai ɓoye abin da ke wucewa. In abin ya riga ya faru, fara da postsuper -h ALL don riƙe layin duka, canza kalmar sirrin, share dattin, sannan ka nemi cirewa. Wanda ya nemi cirewa kafin ya toshe ɓarakar zai sake komawa, kuma karo na biyu ya fi wuya.

Ta biyu fom ɗin tuntuɓa ne a shafin WordPress da ke kan sabar guda. In fom ɗin yana aika kwafi ga duk adireshin da aka rubuta, masu sifam sun sami ɗan aike kyauta. In kuma yana sa adireshin baƙon a From, a ce na Yahoo, to sabarka tana ƙaryar ita Yahoo ce, kuma Yahoo p=reject take da shi. From ya zama naka, adireshin baƙon ya tafi Reply-To. A duba non_smtpd_milters ma, don wasiƙar da PHP ya miƙa ta sendmail ba ta bi ta smtpd_milters, sai ta fita ba sa hannu.

Ta uku miƙa wasiƙu gaba zuwa Gmail. Mutum ya ce duk abin da ya zo info@ a tura masa akwatinsa na Gmail. Duk sifam ɗin da ya shigo yanzu daga IP ɗinka Gmail ke ganinsa, ga SPF ya karye don kai ba ka cikin jerin mai aikawa na asali. SRS da ARC, dabarun da aka yi don miƙa wasiƙa gaba, suna rage matsalar, amma mafi tsabta shi ne a sa akwatin a waya kai tsaye ta IMAP a ƙofa ta 993. Haka kuma adireshin da babu shi a ƙi karɓarsa tun ana kan layi. In ka karɓa sannan ka mayar, za ka mayar wa wanda aka yi ƙarya da sunansa ne, kai ma ka zama mai damun mutane.

Ɗan Kubwa:
Anti, ƙungiyoyi fa? Ta tsofaffin ɗalibai ko ta unguwa mai mutum 300 ko 400, sakatare ya zuba su duka a BCC ya aika sanarwar taro.

'Yar Lugbe:
Wannan shi ne abin da bai kamata ya fita daga IP ɗin da kake wasiƙun aiki da shi ba. Tun Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka tsaurara. Kowane mai aikawa dole ya sami SPF ko DKIM, da PTR mai kyau, da TLS, kuma yawan masu kai ƙararsa kada ya kai 0.3 cikin ɗari. Mai aika 5,000 a rana zuwa Gmail dole ya haɗa SPF da DKIM da DMARC, da hanyar fita daga jeri da danna sau ɗaya. Microsoft ma ta bi sahu ga Outlook.com daga 5 ga Mayun 2025. Ƙungiyarka ba ta kai 5,000 ba, amma yi lissafin 0.3 ɗin: uku ne cikin dubu. In mutum 300 ka aika wa, mutum ɗaya tak ya danna sifam don ya gaji da sanarwa, ka riga ka haye. Ga tsofaffin adiresoshin da suka mutu, kowanne ya dawo da 5.1.1, wato babu wannan akwatin, wannan ma ana lissafa maka.

A yi amfani da manhajar jeri irin Mailman ko listmonk, a kan ƙaramin domen kamar sanarwa.sunanka.ng da makullin DKIM nasa, kowa ya sami tasa wasiƙar daban da layin List-Unsubscribe. Kada a sa kowa sai ya yarda, kuma wannan ba ladabi kaɗai ba ne, Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 tana nan a kan batun tallata wa mutane ba da yardarsu ba. Jerin adiresoshin da ake sayarwa kuwa, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa, a cikinsu ake samun adiresoshin tarko.

Hajiyar Gwarimpa:
Akwai wani abu da ya shafe mu masu rubutu da Hausa. Ƙ da ɗ da ɓ ba sa cikin ASCII. Manhajojin imel na waya da kwamfuta suna shirya su daidai, amma rubutun PHP ko Python da wani ya haɗa da hannu sau da yawa yana zuba su tsirara a Subject ba tare da tsarin =?UTF-8? ba, ko ya bar jikin wasiƙar a 8bit ba tare da faɗin charset ba. Matatun sifam suna ƙara wa irin wannan maki. Abin da ya fi muni, in wata saba a hanya ta juya jikin zuwa 7bit bayan ka sa hannu, DKIM ya karye, sai ka ga body hash did not verify. Haka in layi ɗaya na HTML ya wuce harafi 998, Postfix zai karya shi lokacin fita, bayan an riga an sa hannu. A sa manhajar ta shirya jikin da quoted-printable ko base64 tun daga tushe, matsalolin biyu duk sun kau. A tabbatar akwai Date da Message-ID, a guji gajartattun mahaɗai, a kuma daina aika wasiƙar da hoto ɗaya ne kawai ba rubutu.

Ɗan Kubwa:
Allah ya saka da alheri. Ta ƙarshe: in an gina sunan IP na shekara guda, sai ana son ƙaura zuwa saba mafi girma, yaya ake yi kada a koma farko?

Injiniyan Wuse:
Amin. In kamfanin yana da IP mai zaman kansa da ake iya cirewa daga wata saba a maƙala wa wata, da shi za ka fara tun ranar farko, ka kuma sa smtp_bind_address ya nuna shi don Postfix ya riƙa fita da shi. In babu, ƙara wa sabar da kake da ita girma a inda take. In dole sai an canza IP, tafi da makullin DKIM ɗinka yadda yake, don sunan da domen ya tara yana bin sa hannun. Sa sabon IP a SPF tare da tsohon, yi masa PTR, rage TTL na MX da A, wato tsawon lokacin da ake riƙe tsohuwar amsar DNS, zuwa daƙiƙa 300 kwana ɗaya kafin ƙaurar, ka bar tsohuwar sabar a kunne mako guda tana karɓar ragowar.

Ka kuma kula da biyan kuɗin hayar. In katin banki ya ƙi wucewa aka goge sabar, IP ɗin ya koma kasuwa, kuma da wuya ka sake samunsa. Zuba kuɗin wata biyu ko uku a asusun tun kafin lokaci, sannan adireshin da kamfanin ke aiko maka da takardar biya kada ya zama akwatin da ke kan sabar ita kanta. Haka ma na rajistar domen.